Shirun Baba Ran Kasuwar Goronyo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya koma ga Mai shi cikin kakar bana, ana tsakiyar yankan shinkafa a fadama, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ni aka shimfiɗa wa tabarma a zaure in karɓi gaisuwa. Na zauna da carbi a hannu, amma kunnena yana wajen mutane, domin a zaman makoki ake jin yadda gari ya ɗauki mutum.

Tsofaffin dogarai ne suka fara zuwa, cikin jajayen rigunansu da rana ta cinye. Babbansu, wanda ido ya fara gaza masa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Soja, mun yi rashi. Shekara da shekaru muna aiki tare, tsohonka bai taɓa shan ruwan gorata ba sai na sha ya gani. Amma wallahi in daji za a shiga, bayanai nika son bi." Sauran suka yi dariya, suka share ido. Soja ake ce mini a garin nan tun da na dawo daga yaƙi, har yara ba su san ina da wani suna ba.

Sai dangin uwarsa, Fulanin dajin Rabah, suka iso, matansu ɗauke da nono. Mazan suka zauna can gefe a gindin tsamiya, suka yi addu'a a taƙaice, ba wanda ya ɗaga murya. Wata tsohuwa kuma ta zo tun daga Rimawa tana dogara sanda, ta shiga cikin gida ta yi kukan da ko Gwaggo, yayar Baba, ba ta yi ba, har mata suka shiga tambayar juna ko wata dangantaka ce da ba a sani ba. Malamin hakimi ma ya zo, ya tsufa, ya yi ƙiba, ya ja doguwar addu'a da Larabci. Na shafa tare da kowa, amma ban ɗauke ido daga kansa ba.

Ana cikin haka na ji wani baƙo a bayana yana tambayar na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Wanga shi na ɗan da yab ba Nasara?" Aka ce masa ya yi shiru, gidan mutuwa ne.

Ban juya ba, don tambayar ba baƙuwa ba ce gare ni. Da ita nake kwana, da ita nake tashi tun ina saurayi. Ranar da aka ɗebi samari zuwa soja a kasuwar Goronyo, Baba yana tsaye a wurin, kalma guda daga bakinsa ta isa a sake ni, bai faɗe ta ba. Ba da ni ya yi? In ba da ni ya yi, me aka ba shi? Boko a bariki na koya, to bari in more shi in ajiye abin da na sani game da mutumin nan, kafin masu ƙus-ƙus su gama nasu da baki.

Baba dogarin hakimi ne, kamar yadda ubansa ya yi. Dogo ne, siriri, hancin uwarsa ya ɗauko, kuma Allah ya zuba masa rashin yarda da ban taɓa ganin irinsa ga ɗan Adam ba. In an kawo masa buhun gero ba ya duba baki, sai ya nutsa hannu har kafaɗa ya ɗebo na ƙasa. In ya sayi goro sai ya fasa a gaban mai goro. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In ka gaishe shi da fara'a mai yawa, zai yini yana tunanin abin da kake nema. Yakan ce, "Kowa yac ce ka yarda da shi, tambaye shi mi yah hana shi bari ka duba." Inna takan tsokane shi ta ce ko inuwarsa ta biyo shi, sai ya tsaya ya ji wa ya aiko ta.

Ni kuwa ban tashi a gabansa ba. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, uwarsa, yadda ake yi wa ɗan fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta gidanmu riɓi biyu ce, ga ta Hausa ga ta Fulani, kuma Kaka ba ta wasa da ita. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido da ido ba. In na shigo zaure ya fita, in ya zama dole ya ambace ni sai ya ce "mutumin ɗakin tsohuwa". In yana so in je gona, Gwaggo yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari, kuma rigar sallata takan fi ta ƙannena kyau, ba a dai faɗin wanda ya saya.

A zamanin kakanmu, in ji Baba, dogari daga tukunyar gidan hakimi yake ci. Hakimi ya ba shi riga, ya ba shi dami da kaka, in ya yi wa talaka ba daidai ba, gobe uwar talakan tana ƙofar gida tana kuka, hakimi ya ji da kunnensa. Da Turawa suka zauna da gindinsu sai suka ce wannan ba tsari ba ne. Aka yanka wa dogarai albashi daga baitulmali, aka ɗinka musu riguna iri ɗaya, aka tattara 'yan bindigogin tokar da suke da su aka kulle a ɗaki, mabuɗi a aljihun malamin hakimi. Albarushi ma sai an roƙa. Lokaci-lokaci Di'o, Baturen mulki, yakan zo rangadi, a jera masa dogarai ya duba.

Sauran dogarai sun yi murna da albashi. Baba ya karɓa don ba shi da zaɓi, amma bai taɓa sakin jiki da shi ba. Yakan ce, "Da, mun san mai ba mu tuwo, shi ma ya san mu. Yanzu tuwo daga Sakkwato shika hitowa, ta hannun wane, ta hannun wane. Mai riƙe da sanda in bai san mai ciyad da shi ba, wa za shi ji ma kunya?" In aka ce masa ai Bature yana dubawa, sai ya ce, "To shi Baturen, wa ka duba shi?"

Abin da ya haɗa shi da malamin hakimi ke nan. Wani dogari ya mutu, wani ya tafi Kurmi bai dawo ba, ba a naɗa kowa a madadinsu ba, amma albashinsu bai daina fitowa ba. Da labari ya zo Di'o yana tafe, sai malam ya aika Rimawa aka zo da manoman albasa, aka zura musu jajayen riguna, aka koya musu tsayuwa. Baba ya je gaban hakimi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka shi daɗe, matattu sun tashi sun shiga sahu, ni ko ban iya aiki da matattu ba." Hakimi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai dai tsaya inda anka tsai da kai."

Ya tsaya. Di'o ya zo da malafarsa, ya bi sahu yana duba wuyan riga da farcen ƙafa. Da ya iso kan ɗaya daga cikin manoman, wanda tsoro ya sandarar, sai ya tsaya ya yaba, ya ce ga yadda ake son dogari ya tsaya, sauran su yi koyi. Mutumin kuwa, kamar yadda ya faɗa daga baya, ba abin da ke ransa sai albasarsa da ba a ba ruwa ba. Aka buɗe ɗakin bindigogi, Bature ya leƙa ya ga suna nan, bai tambayi ko suna tashi ba. Ya hau dokinsa ya wuce Wurno. An daɗe ana ba da labarin nan ana dariya, amma Baba bai taɓa taya kowa ba. Daga ranar ya daina gaida malam sai da hannu daga nesa, malam kuma ya san wanda ya kai ƙararsa.

Wasu suka ce, to me ya hana shi buɗe baki gaban Bature, shi mai gaskiya? Ko dai an ɗan toshe bakin ne? Tun daga nan gari ya fara yi masa irin kallon da yake yi wa gari.

Da yaƙin Jamus ya yi zafi, aka ce kowane gari ya ba da hatsi don ciyar da soja. Dogarai ne masu shiga gida-gida. Baba bai yarda geron yana kaiwa bakin wani soja ba. Akwai lokacin da ya bi jakunan da ƙafa har Sakkwato, ba wanda ya aike shi, ya tsaya ya ga an zuba a sito, ya dawo. Inna ta ce, "To, hankalinka ya kwanta?" Ya ce, "Na ga shigatai, ban ga hitatai ba."

A wannan aikin ne ya san tsohuwar nan ta Rimawa. Lokacin ba ta tsufa ba, mijinta ya mutu ya bar mata yara da ɗan rumbu guda. Ita ta ba ni labarin da bakinta ranar makoki. Ta ce ya shigo fuska a murtuke, ya hau rumbun, ya zaro zangarniya daga can ƙasa, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya tauna, ya tofar. Ya daka mata tsawa gaban mutane, "Wanga za ki ba soja? Duk ƙwari sun cinye shi! Ku bar mata tsiyatta, mu tahi." Ta ce da ni, "Ɗan nan, wallahi gerona ko ƙwaro guda babu, sabo na, ni da yara munka yanke shi." Ba wanda ya yi masa musu, don an san shi da kushe kayan kowa. Ashe gidaje da yawa ya yi wa haka, duk na marasa ƙarfi, ya zage su ya bar musu abincinsu. Ni da na je bariki na ci tuwon geron da ƙwari suka riga mu ci, sai na ce lalle wannan bai bi ta hannun Baba ba.

Bayan hatsi sai aka ce mutane. An gaya wa hakimi yawan samarin da ake so daga ƙasarsa, samari kuwa da sun ji ƙarar mota sai daji. Saboda haka aka bari sai ran kasuwar Goronyo, da rana ta take, kasuwa ta cika, aka tare hanyoyi. Ni na kawo albasa. Kafin in ɗaure bakin buhu an tasa ƙeyarmu zuwa fili, kusa da inda ake cinikin shanu, aka jera mu. Hakimi yana zaune a inuwa, Di'o yana tsaye da wani sajan, malamin hakimi yana yi musu tafinta. Dogarai suna tsare da sahu kada wani ya zame, Baba yana cikinsu, kusa da ni har ina ganin zufa a wuyan rigarsa. Mutanen kasuwa sun kewaye mu, har da Fulanin da suka kawo shanu, ciki da kawunnan Baba, sun jingina da sandunansu suna kallo.

An riga an yi shela cewa wanda ubansa ke aikin hukuma ba za a ɗauke shi ba, in dai uban ya shaida da bakinsa. Saboda haka ban ji tsoro ba, wallahi har tausayin na kusa da ni nake ji. Da aka iso kaina, dogarin nan da ya riƙe hannuna ranar makoki ya yi karambani ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ɗan dogari na." Di'o ya tambayi wane dogari, aka nuna Baba. Ya yi magana, malam ya juya da Hausa, da ƙarfi yadda duk fili zai ji:

"Bature ya ce, wanga yaro ɗanka na?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ya sa hannu ya ja amawalin rawaninsa, ya rufe baki har hanci.

Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ko Bafulatana a filin nan ya gane amsar. Har na ji wata mai fura ta ce, "Allah sarki, ɗan hwari na." Amma ba ita aka tambaya ba. Bature ya jira, ya sake tambaya, malam ya sake juyawa, Baba bai motsa ba. Malam ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana da Turanci. Dogarin ya buɗe baki zai ƙara, hakimi ya ɗaga masa ido, ya haɗiye. Sajan ya wage mini baki ya duba haƙora, ya ƙwanƙwasa ƙirjina, ya tura ni wajen mota. Da motar ta tashi na waiwaya, Baba yana nan inda yake, yana tsare da sahu.

Ba zan ba da labarin Bama, ƙasar da aka kai mu yaƙi, a nan ba, ba ta'aziyyata ake yi ba. Na dai ga ruwan sama da ba ya ɗaukewa, na binne abokai, na koyi karatu, na kuma sami lokaci mai yawa na tunani. A can wani ɗan garinmu da aka kawo daga baya ya gaya mini sarkin dogarai ya rasu, an naɗa Baba a gurbinsa, har da sabon rawani. Na ce a raina, to, ga kuɗina ya fito.

Da na dawo na tarar kowa da nasa labarin. Wasu suka ce hakimi ne ya roƙe shi tun kafin ranar, don in ɗan dogari ya tafi talakawa ba su da bakin ƙorafi, aka biya shi da sarauta. Wasu suka ce malam ne ya rama, ya san ma'anar shirun sarai, ya gaya wa Bature an ce a'a. Na tare malam da kaina a hanyar masallaci, da takalmin soja a ƙafata. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Soja, ni tahinta na. Abin da anka hwaɗi nika juyawa. Tsohonka ya hwaɗi wani abu?" Na tsani mutumin nan, amma na rasa inda zan kama shi.

Inna kuwa, ita ma ni ne ɗan farinta, ba ta da bakin yin maganata. Gwaggo ta ce tun ranar da motar ta tashi Inna ba ta ƙara zama ta yi hira da Baba ba. Takan dafa ta aika, ta gaishe shi da safe daga bakin ƙofa, shi ke nan, har Allah ya karɓi ranta. Shekaru suka yi suna faɗa a kaina, ba wanda ya taɓa ambatar abin da ake faɗan a kai.

Baba kuma ranar da na iso gida, yana jin guɗa ya fice ta ƙofar baya ya tafi gona. Washegari rago ya iso ta hannun Gwaggo, ba saƙo. Na duba ragon nan ciki da bai, na ce na toshiyar baki ne. A nan na gane na ci gadon rashin yardar Baba tun yana da rai, kuma ƙannena ba su nemi a raba da su ba. Na tattara na koma Wurno, na kama noman shinkafa, na yi aure. Nakan zo da salla in durƙusa a ƙofar zaure in yi gaisuwa, ya amsa yana duban bango.

Na sa masa ido shekara da shekaru, ina neman inda ladan ya shiga. Sarautar dogarai ba ta ƙara masa ko akuya ba. Bai gina soro ba, bai ƙara aure ba, rawanin ma har ya yage bai sake ba. Ya ci gaba da faɗa da malaman hakimi a kan rigunan dogarai da ake cewa an ɗinka ba a gani ba, har suka gaji suka ajiye shi, aka kawo 'yan doka masu gajeren wando. Wani zai ce wannan ya isa shaida. Ni kuwa na ce ai mai wayo ba ya cin abinsa a fili, na ci gaba da jira.

Da aka aiko mini ciwo ya kwantar da shi, na zo. La'asar ce, Gwaggo tana zaune a gefensa da mafici, tana fama da shi ya sha jiƙo, ya ce sai ta kurɓa tukuna. Ta kurɓa tana mita, "Ni nig goye ka a bayana, yau ni za ni ba ka sammu? Sha, don Allah."

Wurin zamana bakin ƙofa ne, daga waje. Ranar na cire takalmi na shiga har ciki, na zauna kusa da ƙafafunsa. Gwaggo ta zaro ido. Shi kuwa ya juya fuska bango.

Na ce, "Baba." Ban da gaisuwa, ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai na ji muryata kamar ta wani. "Baba, ran kasuwar Goronyo. Ba da ni kay yi? In ba da ni kay yi, hwaɗa min mi anka ba ka, in sani in huta."

Gwaggo ta ce, "Subhanallahi! Soja, bariki ta cinye maka kunya?"

Na ɗauka ba zai amsa ba, ya saba. Can ya yi magana, fuskarsa tana bango, muryar ta shige ciki.

"Yaya."

"Na'am."

"Hwaɗa mai ba a ba ni komi ba. Hakimi bai roƙe ni ba, malam bai tsorata ni ba. Hwaɗa mai na yi niyya. Magana ta taho har nan," ya kai hannu maƙogwaro, "sai nig ga kawunnena tsaye wajen shanu suna kallona, su ga ko ɗan ƙanwassu za shi buɗe baki tsakiyar kasuwa shi ce ga ɗana. Nic ce bari Bature shi sake tambaya, in hwaɗi. Yas sake. Nic ce bari shi ƙara. Bai ƙara ba."

Haki ya kama shi. Sa'an nan ya ce, "Shi ke nan, Yaya. Babu komi ƙasan buhun. Kunya ta."

Gwaggo ba ta maimaita ba, ta san na ji. Hawaye kawai take yi, mafici ya tsaya a hannunta.

Na zauna ina juya maganar, ina neman ramin da ke cikinta, don haka aka haife ni. Ban samu ba. Kuma Allah ya gani, ban ji sanyi ba. Da sayar da ni ya yi, da na san akwai abin da na kai. Da malam ne, da ina da wanda zan tsana har in mutu. Ashe da ruwan Bama, da abokan da na binne, da Inna da ta mutu ba ta sake yi masa dariya ba, duk a kan kallon wasu tsofaffi ne masu jingine da sanda. Mutumin da ya iya durƙusawa gaban hakimi ya ce matattu sun shiga sahu, shi ne ya kasa cewa ɗansa nasa ne. Na ji haushi, na ji tausayi, na rasa wanne ya fi.

Na miƙe na ce, "Gwaggo, hwaɗa mai na ji."

Ta ce, "Ji kaɗai?"

Na ce, "Shi nika da shi yau."

Na koma Wurno da niyyar in bar zuciyata ta huce, in dawo da sauran maganar. Shinkafa ta nuna, tsuntsu ya sauka, na ce bari in kwashe wannan gefen tukuna. Ina tsakiyar gona da lauje a hannu saƙo ya iske ni.

Ni na sauka cikin kabari na karɓe shi, ni da ƙanena. Bai yi nauyi ba. Ban tuna wata rana da jikina ya taɓa nasa kafin wannan ba. Na kwantar da shi bisa damansa, na juya fuskarsa gabas. Aka jera itace, aka zuba ƙasa, aka yayyafa ruwa. Mutane suka fara neman takalmansu za su juya, sai liman ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku dakata kaɗan. Ku roƙa ma ɗan'uwanku gahwara, ku roƙa mai tabbata. Yanzu aka tambayatai."

Na sha jin wannan magana a bakin kabari, a gida da Bama, ba ta taɓa shiga jikina ba sai ranar. Na durƙusa a kan ɗanyar ƙasa. Na yafe masa a wurin, ban rage ko ƙwaya ba. Jama'a suna ta amin a kan addu'ar liman, ni kuwa tawa guda ce, ita nake yi har yau bayan kowace salla.

Ya Allah, ka jiƙan Baba, ka yafe masa fiye da yadda na yafe. Ga shi nan gabanka shi kaɗai, babu hakimi, babu kasuwa, babu kawunnai masu kallo. Ya Allah, wannan karon ka buɗe masa baki tun a tambayar farko.